Inci Huɗu Tsakanina da Yola

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da takwarana, wanda har yau a waya kawai na san shi. Mu nan Daura sai godiya. Na san jama'a za su karanta wannan, amma ba zan kama sunanki ba. Sunan mahaifiyata ne, kuma ke ce 'yar fari.

Saƙonki na watan azumi yana nan, ban goge ba. Kin ce daga filin jirgin Kano zuwa na Yola awa ɗaya ce da 'yan mintuna, har da yawan kilomita kika turo. Ni da na ajiye boko a aji huɗu, kilomita ba ta gaya mini komai. Sai na ɗauko tef ɗina na ɗinki, na ɗora a kan taswirar da ke littafin ƙanwarki. Inci huɗu. Ko hannun rigar jariri ya fi haka.

Shekara uku ina gaya wa mutane Yola nisa gare ta, ga ciwon baya. Da kika zo da awa ɗayar nan sai na shiga ƙirƙirar dalilai. Na ce ba ki sa hanyar Daura zuwa Kano a ciki ba. Na ce an ce wani lokacin sai an bi ta Abuja. Na ce jirgi ba zai ɗauki buhun gerona ba, ni kuwa ba na shiga gidan 'ya hannu rabbana. Kika ce, "To, Baba." Tun ranar ba ki sake tambayar yaushe zan zo ba.

Kina ƙarama, idan na goya ki a keke zuwa Mai'adua, tun daga bakin gari kike tambaya ko mun kusa. Ni kuma tun daga nan nake cewa saura kaɗan. Ba ki taɓa gajiya da tambaya ba a lokacin.

Ranar da za ki tare, mahaifiyarki ta leƙo shago ta ce motar za ta tashi. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗago ba. Wandon da nake ɗinkawa kuwa tun safe na gama shi, warwarewa na yi ta yi ina maimaitawa. Haka aka rene mu. Uba ba ya nuna ɗokin ɗan fari, ba ya zarya a gidan suruki.

Bayana lafiya lau, Uwata. Kunya ce kawai, sai ɗan tsoron jirgi wanda ba na son abokan hira su sani, ga shi yanzu sun sani.

Allah ya yi miki albarka, ya raya takwarana, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ina da rabon ɗaukarsa kafin ya fi ƙarfina.

Bakina ba zai iya cewa zan zo da kansa ba. Ki daure ki sake tambayata sau ɗaya.

Mahaifinki,
tsohon telan nan na Daura.