Muryar da na ji a majalisin mijina

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. A sakaya sunana, kuma don girman Allah ku ji ni kafin ku tsine min.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Madina, muna zaune a Ƙuba. Mijina ɗalibi ne a jami'a, mutumin kirki wallahi, sai dai daga aji sai darasi a Harami, in ya dawo kuma littafi. Ni da bango muke wuni. Abin hirata littattafan soyayya ne da alhazai ke kawo min, duk matar auren da ta kula wani a ciki sai na zage ta tas. Ashe ni ma ina layi.

Wata rana bayan la'asar wayar gida ta yi ƙara, na ɗauka, wani ya ce kuskuren lamba ya yi, amma ya daɗe bai ji Hausa mai daɗi haka ba. Me ya hana ni ajiyewa? Washegari ya sake kira. Tun muna gaisuwa kawai har na koma gama girki da wuri in zauna gindin waya. Bai taɓa ganina ba, ban san lambarsa ba, amma na faɗa masa abin da mijina bai taɓa ji daga bakina ba. In wannan ba cin amana ba ne, mene ne? A garin Manzo fa!

Ranar Juma'a mijina ya gayyato abokansa cin abinci. Na kai tire bakin majalisi, wato ɗakin baƙi, na ƙwanƙwasa kamar yadda aka saba, sai na ji dariyar mai kiran nan. Ashe ba wani kuskuren lamba, amininsa ne, ya san lokacin fitarsa. Tuwona yake ci yana yaba min ta bakin mijina.

Jiya mijina ya shigo da sabuwar waya mai kashif, wadda ke nuna lambar mai kira, mako mai zuwa za a haɗa ta. Wai ranakun da bai fita ba akwai mai kira, in ya ɗauka a ajiye. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwantar da hankalinki, na san yana damunki kina jin nauyin faɗa min. Zan raba ki da ɗan iskan."

Lambar amininsa kuwa a ka ya riƙe ta.

In faɗa wa mijina da bakina in rasa aurena? Ko in gargaɗi wancan, mu zama mu biyu muna ɓoye wa bawan Allah? Me zan yi?