Muryarka Tana Cikin Wace Folda?

Baban Murna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba, hankalina bai gushe ba tukuna. Amma gobe da ƙarfe goma za a yi mini tambayar da kai kaɗai ka san amsarta, kuma ba ni da wanda zan nufa.

Muna nan Samaru, gidan da ka bar mu. Murna ta shiga shekara biyar, tana nazare a makarantar da nake koyarwa, bakinta ba ya hutawa, sak naka. Gwandar da ka shuka bayan kicin ta yi 'ya'ya, tsuntsaye sun riga mu. Labari mai daɗi ke nan, ya ƙare.

Kwamfutarka ta mutu. Ka tuna bidiyon nan na minti huɗu, kana zaune kan tabarma, Murna a cinyarka, kana yi mata waƙar da Mama ta rene ka da ita da yarenku? Shi kaɗai ya rage mana mai muryarka, tunda wayarka ta ɓace a asibiti. Ni ban iya yarenku ba, Mama kuma ta riga ka tafiya. In bidiyon nan ya tafi, yarinyar nan ba za ta ƙara jin ubanta ba har abada.

Bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Ranar da ka sa mini filash na ajiyar kayan kwamfuta a hannu a gadon asibiti, ka ce in kwashe komai in zuba a ciki, washegari na ce maka na yi. Ƙarya na yi maka, Baban Murna. Gani nake in na kwashe, na yarda ke nan ba za ka dawo gida ba. Bayan mun binne ka kuma, sai gobe, sai jibi. Filash ɗin yana nan cikin aljihun jakarka ta coci, ko ledarsa ban yage ba.

Shekara biyu, kullum da safe bayan addu'a, sai na kunna mun ji ka kafin mu fita. Wajen Ista kwamfutar ta fara wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Na daina? Ina! In ta ƙi tashi sai in ɗan mare ta a gefe, in sake kunnawa. Wata a zumuntar mata ta ce a sa ta a firij, sanyi yana gyara irin wannan. Na naɗe ta cikin leda na tura ta tsakanin robobin zoɓo, ni da nake malamar makaranta. Ta yi kwana biyu tana tashi, rana ta uku fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Na kai ta unguwar PZ, wurin wani mai gyara, Oga Chidi, dattijo mai Hausa kamar a Tudun Wada aka haife shi. Ya kara kunne ya saurara, ya tambaye ni sau nawa na kunna bayan ƙarar ta fara. Da na faɗa masa sai ya ɗora hannu a ka. Ya ce rumbun ajiyar da ke ciki faifai ne da allura, allurar ta karkace, duk kunnawa ɗaya tana kankare faifan. Ka ji? Da hannuna na yi ta goge ka, kullum da safe, ina murna wai ina gaishe ka.

Mako uku ya yi yana neman rumbu irin naka, ya cire allurarsa ya dasa. Yau ya kira ni, ya ce in zo in tsaya kusa, don in rumbun ya tashi ba zai daɗe ba, kuma ba zai iya ba da komai duka ba, sai abin da na nuna. Ya kuwa tashi. Na ga foldoji sun jeru, ina neman Hotuna, ina neman Murna, ina neman Gida. Babu. Acca, Citta, Dawa, Gyaɗa, Riɗi, Rogo, Waken Suya. Haba, Baban Murna! Don kana malamin gona, sai ka mai da kwamfuta rumbun hatsi? Ni abin da ka ajiye mini a fuskarta nake dannawa, ashe wannan alama ce kawai, bidiyon kansa yana cikin ɗaya daga waɗannan.

Na ce Acca, don abincin Mama ne, waƙar kuma tata ce. Minti goma muna kallon layi yana rarrafe. Abin da ya fito, jadawalin taki ne da hotunan ganye mai tsutsa. Sai ƙas, ƙas, shiru. Na zauna a ƙasan shagon mutane, ban san na zauna ba.

Oga Chidi ya ce a bar rumbun ya huce, gobe zai gwada sau ɗaya, bai yi alkawari ba. In ya tashi, folda ɗaya.

Wacce ce? Citta, don ita ake nomawa a garinku? Gyaɗa, don haka kake kiran Murna da aka haife ta 'yar mitsitsiya? Riɗi, don kantun da na dame ka da shi ina da cikinta? Ko ba ka da wani dalili, wadda ke buɗe ranar ce kawai ka jefa shi ciki? Shekara bakwai ina aurenka, na san yadda kake son miyarka, na san tarinka daga bakin layi, amma wannan ban sani ba. Me ya hana ni tambaya?

Abin da ya fi ba ni tsoro, ni ma ka fara kuɓuce mini. Jiya na so in tuna yadda kake kiran sunana daga tsakar gida, sai muryar ƙaninka ta zo mini. Na gwada yi wa Murna waƙar, ta ce ba haka Baba yake yi ba, in bari.

Ban gaya mata gaskiya ba. Na ce mata an kai kwamfuta asibiti. Ta kalle ni, sannan ta tambaye ni ko asibitin da ake dawowa ne. Na ce mata e. Na sake yin irin ƙaryar da na yi maka, kuma wannan karon ga yarinyar da za ta jira ni a bakin ƙofa gobe.

Gyaɗa zan ce. In na yi kuskure, ka yafe mini, don ban san ko Murna za ta yafe ba.

Ka huta lafiya a wurin Ubangiji.

Matarka,
Rifkatu, Maman Murna