Kuɗin Tsaraba Ya Tafi a Kwalekwale

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Tanut. Ina gajiya, yaya jikinki, yaya maigida da yara? Mu lafiya lau.

Mun dawo daga tsibirin Zanzibar, ni da maiɗakina. Na raba guzurinmu a ambulan biyar, kowace rana da nata, na tsaraba daban. Rana ta uku maiɗakina ta ga kwalekwale, ta ce, "Malam, ban taɓa hawa ruwa ba, kuma ba lalle mu sake zuwa ba." Kuɗin ya kai na yini biyu. Na biya, daga baya dole muka ci na tsaraba. Zanen da na yi miki alkawari sai bayan kaka.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙaninki,
Sani