Bindigar da Ba Ta Haye Gada Ba

Easton, Pennsylvania, 4 ga Afrilu

Ƙanena Dwight,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Corinne. Ranar jana'izar Baba ka tsaya can baya kamar baƙo, kafin in juyo ka ɓace. To, na ƙyale ka.

Lauya ya karanta wasiyya. Baba ya bar maka bindigarsa ta iska, wadda yake korar kurege da ita daga bishiyar tuffa. Asabar zan jefa ta a bayan mota in kawo maka Phillipsburg. Gada ɗaya ce tsakaninmu, amma shekara tara ba ka taka gidan nan ba. Ka ji kunya.

Yayarka,
Marlene

Phillipsburg, New Jersey, 7 ga Afrilu

Yaya Marlene,

Na sami wasiƙarki, na gode. Don girman Allah kada ki ɗauko bindigar nan. A wajenku doka ba ta kiranta bindiga, tunda ba albarushi ke tura ƙwayar ba. A nan jiharmu kuwa, da ita da ta farauta duk sunansu ɗaya.

Kin san abin da na yi ina ɗan shekara ashirin, kin san shekara huɗun da na yi a gidan yari. Irina ba ya ajiye bindiga a nan har ya mutu. Aka gan ta a gidana, zan koma inda na fito. Shekara talatin ina lallaɓa rayuwata, ko gudun da ya wuce ƙa'ida ban taɓa yi da motar kamfani ba.

Ina sonta, Yaya. Da ita ya koya mini saiti. Amma ko dai Baba ya manta ko ni wane ne, ko kuma da gangan ya yi.

Ƙanenki,
Dwight

Easton, 11 ga Afrilu

Dwight,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta same ni na riga na naɗe bindigar a bargo na sa a mota. Ni da nake ganin kaina mai wayon gidan, saura kaɗan in ɗaure ƙanena da hannuna. Shekara talatin, kuma ban taɓa ce maka sannu ba. Wallahi ka burge ni.

Baba kuma bai manta ba. Da na zo mayar da ita cikin akwatinta, na ga takarda a gwangwanin ƙwayoyin dalma, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: "Ta Dwight ce. Na tambayi lauya, a wannan gefen kogin yana iya riƙe ta. Kada ta haye gada. Shi ya hayo."

Ka ga tsohon nan? Yana da rai ya kasa buɗe baki ya ce ka dawo gida, sai da ya bi ta littafin doka. Na zauna a gareji na yi kuka har na gode Allah.

Na jera gwangwanaye shida a kan shinge, suna jiran ka zo ka harbe su. Kuregen ma ya raina ni.

Marlene

Phillipsburg, 13 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Asabar ƙarfe goma, da ƙafa zan hayo. Ki gasa kek ɗin tuffa irin na Mama. Ki ƙara gwangwani ɗaya a inda Baba yake tsayawa, amma wannan kada kowa ya harbe shi.

Dwight