Rabin Fadamar Baƙo

Haɗejiya,
5 ga Yuni, 1953.

Zuwa ga yayana Malam Inuwa, a Wad Madani, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gumsu da yara. Ina yi muku barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu, ya sa muna cikin bayin da ake 'yantawa a wannan goma ta ƙarshe. Allah ya sa ciwon idon nan ya rabu da kai, ya kuma cika maka guzurinka a gonakin audugar nan, ka ƙarasa Makka baɗi kamar yadda kake buri.

Mu nan lafiya lau muke. Larai ta sauka wata biyu da suka wuce, an sami namiji, na mayar masa da sunan marigayi Baba, Abdulwahid, muna kiransa Abba. Kunnuwanka ya kwaso kaf, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu. Ruwa ya sauka sau biyu, na biyun ya jiƙa ƙasa sosai, mutanen fadama sun fara gyara. Kogi dai har yanzu yana ƙasa, a wasu wuraren da ƙafa ake haye shi. Aikin makaranta yana nan yadda ka sani.

Yaya, ba don labarin ruwa na ɗauki alƙalami ba. Na yi maka laifi, na yi wa Rahmatu laifi, kuma wata bakwai ke nan ina ɓoye maka. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

A wasiƙata ta bara na sanar da kai rasuwar Baƙo, amma ban gaya maka abin da ya biyo baya ba. Ka fi ni sanin waye Baƙo a gidanmu. Yana yaro aka kawo shi, tun kafin zuwan Turawa, ba wanda ya san garinsu ko sunan da uwarsa ta raɗa masa, shi ya sa aka ce da shi Baƙo har ya yi furfura. Baba ya 'yanta shi a gaban alƙali, shi kuma ya tafi wajen Auyo ya sare ƙaidajin nan mai ƙaya da kowa ke gudu, ya mai da wurin fadamar shinkafa da hannunsa. Matarsa Uwa ce ta shayar da kai lokacin da Inna ta kwanta ciwo, kai a nono ɗaya, 'yarsu Rahmatu a ɗaya. Ni kuwa a bayan Rahmatu na girma. Duk garin nan Malam Sa'idu nake, ita kaɗai ke ce mini Auta ko a gaban ɗalibaina ne.

Da aka zo rabon gado, alƙali ya ce tunda Baƙo bai bar ɗa namiji ba, ba shi da dangi, Uwa kuma ta riga shi, rabin fadama na Rahmatu ne. Ɗaya rabin ya faɗo wa 'ya'yan wanda ya 'yanta shi, wato ni da kai, abin da malamai ke kira wala'i. Alƙali bai zalunci kowa ba, abin da ke littafi ya faɗa. Har ma ya dube ni ya tambaya cikin lallashi ko za mu yafe mata, tunda 'yar gida ce. A nan ne, Yaya, na dafa aljihuna na ce ka rubuto ka ce in riƙe maka rabonka, ni kuma ba ni da ikon saɓa wa na gaba da ni. Wasiƙarka tana cikin aljihun kuwa, amma babu komai a cikinta sai zancen idonka da tsinkar auduga. Ƙarya na yi maka. Ba yunwa ce ta sa ni ba, so nake kawai a ce malamin makaranta ma yana da fadama, kuma na ji kunyar in nema da sunana, sai na ara naka.

Ban ma jira an yi girbi ba. Shinkafar da Baƙo ya yafa da hannunsa kafin ya kwanta ta riga ta sunkuya, ruwa bai gama janyewa ba, na sa aka shiga da igiya aka raba ta biyu, aka kafa turaku a tsakiya. Rahmatu tana tsaye a kan tudu da mijinta Gana, masuncin nan, suna kallo. Da aka gama sussuka sai ga ta a gidana da sabuwar shinkafa, kamar yadda ubanta ya saba kawo wa Baba kowace shekara don a sa albarka. Ƙunshi biyu ta yi daga cikin rabin da ya rage mata, ɗaya nawa, ɗaya ta ce in ajiye wa ɗan'uwanta Inuwa. Na sa Larai ta dafa nawa na ci, har da ƙari. Naka yana nan rataye a ɗakina.

Da haka zan yi ta tafiya, in ba don abin da ya faru kwana goma sha biyu da suka wuce ba. Wataƙila labarin tarzomar Kano ta watan jiya ya iso ku, wadda aka yi tsakanin mutanenmu da mutanen Kudu, aka rasa rayuka. Tun daga nan ba zancen da ake yi a gari sai na raba ƙasa, wasu na cewa Arewa ta ja gefe ta yi zamanta. Wata la'asar muna zaune a inuwar tsamiyar da ke gaban ɗakin karatu muna jiran rana ta faɗi, sai tela Muhammadu ya tambaye ni ko an taɓa yin ƙasar da ta nemi rabewa. Ka san ni da son a ce na sani. Dama na karanta wani littafin tarihin Amurka a ɗakin karatun, sai na gyara zama na buɗe baki.

Na ba su labarin yadda jihohi goma sha ɗaya na kudancin Amurka suka ɓalle, shekara casa'in da biyu ke nan, saboda an zaɓi shugaban da ba ya son bauta ta ƙara yaɗuwa. Arzikinsu duk a kan auduga yake, irin wadda kake tsinka, masu noma ta kuwa bayi ne baƙar fata, wajen mutum miliyan huɗu, waɗanda aka kwaso kakanninsu daga wannan nahiya tamu. Mutanen arewacin ƙasar suka ce ba a isa a raba ta ba. Aka shekara huɗu ana gwabzawa, har akan sami wa a wannan runduna ƙane a waccan, aka kashe mutum fiye da dubu ɗari shida kafin Kudu ta miƙa wuya, bauta ta ƙare. Jama'a suka yi ta salati. Ni kuwa daɗin baki ya kwashe ni, na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba.

Na ce musu gab da ƙarshen yaƙin, an ba wasu 'yantattun bayi gonaki a bakin teku da gefen koguna, fadamun shinkafa ne ma da yawansu, waɗanda su da iyayensu suka yi wa bauta shekara da shekaru. Suka shuka, suka fara ganin kansu a matsayin mutane masu abin kansu. Sai aka harbe shugaban, wanda ya gaje shi ya ba da umarni a mayar wa tsofaffin iyayengiji gonakinsu. Yaya, da ka ga yadda na ɗaga murya a nan. Na ce wannan wane irin 'yanci ne, a kwance wa mutum igiya a ƙwace masa ƙasar da yake tsaye a kai. Na ce masu wannan aiki ba su da kunya, ba su tsoron Allah.

Ban lura ba ashe Gana yana tsugune a gefe da kwandon bandar kifinsa, ya kawo kasuwa ya tsaya sauraro. Da na numfasa sai ya gaishe ni, ya ce yana da tambaya in ba zai zama rashin ladabi ba. So yake ya ji ko an bar mutanen nan sun girbe abin da suka shuka kafin a karɓe. Na duba fuskarsa ina neman habaici, ban ga komai ba, tambaya ce irin ta wanda ya san wahalar shinkafa. Daga ƙarshe na ce littafin bai faɗa ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki kwandonsa, ya yi mini sai an jima da girmamawa. Wasu a wurin sun san zancen fadamar, na ga sun sunkuyar da kai.

Tun daga ranar nake auna kaina da mutanen da na zaga. Su dai sun fito fili sun ce nasu ne, har suka yi yaƙi a kai. Ni a bayanka na ɓuya, kana can wata uwa duniya ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Kuma na tuna shekara nawa muna cin shinkafar Baƙo muna sa masa albarka, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana tuna fuskar uwarsa. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane tarihin ƙasashen da ban taɓa gani ba, ban san sunan mutumin da ya koya mini iyo ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na hau keke na tafi Auyo, na ce wa Rahmatu na mayar mata da fadamar gaba ɗaya. Ta ce ta gode, amma ba za ta sa fartanya a wancan ɓangaren ba. Ta ce in dai Inuwa ne ya ce a riƙe masa, to a riƙe masa, nono ɗaya suka sha, ba za ta ci abin da ransa ke so ba. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa. A nan ya kamata in faɗi gaskiya, sai na kama zancen ruwan sama, na hau kekena na dawo.

Ga abin da nake roƙonka, Yaya. Ka rubuto da hannunka, da shaidu biyu, cewa ka yafe wa Rahmatu rabonka, in ka yarda ka yafe, kuma ka faɗa a fili cewa ba ka taɓa aiko ni in riƙe maka komai ba. Zan kai wa alƙali da kaina, in tsaya a inda na yi ƙaryar in warware ta. Kada ka sassauta don rufa mini asiri. Ka hanzarta don Allah, domin in ba a yafa iri kafin ruwan kogi ya hau fadama ba, shekarar ta wuce, ciyawa ce za ta ci rabin gonar Baƙo, rabin da ya rage kuwa ba ya kai gidan Gana ko'ina. Na kuma yi wa kaina alkawari ba zan rufe wannan takarda ba sai na karanta wa Rahmatu ita, tunda bakina ya kasa, wataƙila takarda ta iya.

Ka gaishe mini da Gumsu da kyau, da Binta da ƙannenta, da mai masaukinku Malam Mala, Allah ya saka masa da alheri. Larai tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Gumsu har yanzu tana jiran turaren da aka yi mata alkawari. Muhammadu tela da sauran abokanka duk suna gaisuwa. Ka yafe mini don darajar wannan wata, ka sa ni a addu'a.

Ni ne ƙanenka mai neman gafararka,
Sa'idu.

Ƙari, ranar Lahadi 7 ga wata. Yanzu na dawo daga Auyo. Na karanta mata a tsakar gida, Gana yana gefe yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Da na zo wurin aljihu sai ta ce in maimaita, na maimaita. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai yawa, tana ta hamdala, tana cewa ashe ba Inuwa ba ne. Ta ce wata bakwai tana neman abin da ta yi maka ba ta samu ba. Ko sau ɗaya ba ta ambaci fadamar ba, sai da Gana ya tambaya, ta ce a jira takardarka. Ta ce in gaya maka shinkafarka ta fara tsufa, in ba ka dawo da wuri ba, za ta sake maka sabuwa. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe duniya da lahira, ta rako ni har bakin hanya ta riƙe mini keke na hau. Sai dai da za ta yi mini sauka lafiya, Yaya, Malam Sa'idu ta ce.