Dodon Da Ke Kan Ragar Fanka

Gwarzo, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Muhsin, a ƙasar Sin.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, mai sanyi kamar inuwar ɗorawa, mai ƙamshi kamar ƙasar da ruwan fari ya taɓa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Ka gafarce ni da na kutsa cikin hidimominka ba sallamar waya, na san ranakunka cike suke. Mu nan lafiya lau. Inna Altine tana Sabon Birni, gwiwa ce kawai ke damun ta. 'Yata Badi'a na ɗakinta a Gammo, takan leƙo ni ranar Juma'a. Tun rasuwar matata Zubaidatu gidan ya yi mini girma, har nakan ji amsa-kuwwar tarina.

Saƙonka ya iso. Da na buɗe kwalin na ga ragar fankar kwamfuta mai fitilu, sai na zauna a bakin gado ina jujjuya ta a hannu, domin shi ne abu na farko da ya fito daga hannunka zuwa nawa cikin shekara tara. Ban manta dalili ba. Ni ne na miƙe a gaban kawunnanmu, ranar da ka ajiye aikin koyarwa ka kama gyaran kwamfuta, na ce ka yar da alli ka rungumi kayan wasan yara. Harshena ya fi hankalina sauri a ranar. Ga shi yanzu idona ya raunana, waƙoƙina duka suna cikin kwamfutar, da manyan baƙaƙe nake karanta su a gilashinta.

Mijinyawa, mai gyara a Kabo, shi ya ɗaura ragar da noti huɗu. Da ya kunna, haske ya soma zagayawa, shuɗi ya koma kore, kore ya koma ja kamar garwashi, zanen ƙarfen ya faɗa a bango. A nan ne na lura zanen wata dabba ce mai jikin maciji, da ƙafafu, da gemu, baki buɗe. Mijinyawa ya ce dodon mutanen can ne, kuma samarin Kano za su yi rububinsa. Ni dai ban ga dodo ba, hannun ƙanena na gani.

Ka tuna Malam Datti na Madadi, tsohon malamin dabbobi? Shekara biyu ke nan yana hawo kekensa sau uku a mako, mu yi sallar la'asar a ɗakina, in karanta masa abin da na rubuta, shi kuma ya yi ta tsinto mini baitin da ya yi ɗingishi. Shi kaɗai ya rage mai sauraro na. Ranar da ya shigo ya ga hasken, sai ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce shekara talatin yana yi wa dabbobi allura daga Gwarzo har Kabo, bai taɓa cin karo da wannan ba, in gaya masa me take ci. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce ba zai kai goshinsa ƙasa a ɗakin da siffar mai rai ke walƙiya ba. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, waƙoƙin begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna cikin akwatin nan, ga dodo zaune a ƙofarsu yana gadi. Na ce masa ado ne kawai, kuma babu irin dabbar a duniya. Ya ce to wannan ya fi muni, tunda ba a ma san asalinta ba.

Sai na yi dabarar da nake jin kunyar faɗa wa masani irinka. Na ninka tsohon rawanina na ɗaure bakin fankar da shi. Hasken ya riƙa ratsowa ta cikin yadin, har Malam Datti ya ce yanzu na naɗa wa dodon sarauta. Muna cikin baiti na bakwai na wata sabuwar waƙa, akwatin ya ɗau zafi kamar tukunyar tuwo, ya mutu, baitocin suka tafi ban adana su ba. Mijinyawa ya yi mini faɗa kamar ba ni na koya masa karatu a aji ɗaya ba, ya ce na toshe wa na'ura hanci. Ya kuma ce fitilun a jikin ragar suke, ba a raba su, amma yana da raga ta waya zalla, cikin minti biyar zai musanya.

Tun daga ranar Malam Datti a ƙofar gida yake tsayawa. Ba ya ko jingine keken. Mu gaisa, ya tambayi lafiyar baƙona mai gemu, ya juya. Ni kuma in koma ɗaki in yi la'asar ni kaɗai. Ga abin da zuciyata ta faɗa a kan haka:

Haske ya cika ɗaki har bango ya yi ado,
Tabarmar baƙo kuwa na naɗe a bayan gado.

Muhsin, ga inda na tsaya. In na bar ragar, na rasa mutum ɗaya tak da ke taka ƙofata don ni. In na cire ta ba da saninka ba, wata rana labari zai iso maka cewa Yaya Uwaisu ya sake raina sana'arka, ya kwance kyautarka ya jefa a kwali, kuma ba ni da wata shekara tara da zan ba wa shiru. Badi'a ta ce in cire kawai, ai ba za ka sani ba. Na ce mata ni zan sani. Don haka na kashe kwamfutar, yau kwana goma sha ɗaya, shi ya sa ka ga rubutun nan da hannu a hoton da Badi'a ta turo maka, layukan suna hawa suna gangara. Izininka nake nema in kwance ta in naɗe a cikin akwatin da nake ajiye alkyabbar Baba da tasbaharsa. In kuma a kasuwarku akwai mai zanen ganye ko taurari, ko irin saƙar da ke kan hula, ka zaɓo mini da idonka, zan ɗaura ta in kira duk unguwa su gani.

Ka gai da Sa'adiya, ka shafa mini kan Aisha Humaira, wadda a hoto kawai na san ta. Inna Altine da Badi'a da mijinta suna gaishe ku.

Ina roƙon ka da girman zumunci, kada ka amsa da saƙon murya. Ka rubuta a takarda, ko layi uku ne, ka ɗauki hotonta ka turo ta wayar Badi'a kafin Juma'a mai zuwa. Ranar Asabar Malam Datti zai biyo ta nan a hanyarsa ta dawowa, ina so ya tarar da ni a ƙofa da amsarka a hannu. Ba zan bar Mijinyawa ya taɓa noti ko ɗaya ba sai na ga rubutunka.

Wassalam.

Yayanka mai kewarka,
Uwaisu.