Baba Wanzami da Sarakunan Rum

Urafan, 9 ga Nuwamba, 1962

Zuwa ga Yaya Salifu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan kowa ƙalau, an gama roron gyaɗa, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa.

Bayan haka, ka san jarrabawar da nake fargaba a Maraɗi, wadda in na faɗi sai in bar koyarwa a lakwal, makarantar bokon nan tamu. A tarihi ana nuna hotunan sarakunan Rum na da, a rufe suna, a ce ka faɗi ko wane ne. Yaya, mutanen nan na farin dutse ne, ido ba ƙwaya, fuska ba zane ko ɗaya. Sati uku ina zura musu ido, duk kamar uwa ɗaya ta haife su.

Rannan Baba ya tarar da ni a zaure na yi tagumi, ya ajiye zabira ya ce in miƙo littafin. Na miƙa ne don kunya kawai. Ya daɗe yana kallo, ya yi tsaki, ya ce wace irin ƙasa ce wannan da ba a yi wa yaro aska a san gidansu. Sai ya ce tunda babu zane, a bi kunne da haɓa da inda gashi ya tsaya, don shi shekara arba'in kawunan mutane ne a hannunsa. Ya nuna Sezar ya ce sanƙo gare shi, shi ya sa ya turo gashin gaba. Ya nuna Neron ya ce wuyan bijimi gare shi. Can ya ɗora yatsa a kan hotuna biyu ya ce, "Wanga shi ya haifi wanga, dubi goshin." Na duba rubutun: Bespaziyan ne da ɗansa Titus. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mutane sun mutu kusan shekara dubu biyu, ga tsohon da bai san baƙi ba yana faɗin danginsu.

A Maraɗi hotuna goma aka nuna mini, ban kuskure ko ɗaya ba. Baturen da ke jarrabawar ya tambayi wane malami ya koya mini. Ka tuna tun muna lakwal a Tasawa, in an tambayi sana'ar Baba sai mu ce manomi ne? Wannan karon na ɗaga kai na ce ubana ne, kuma wanzami ne.

Da na dawo na ba shi labari. Ya dai taɓa kaina ya ce sumar nan ta yi yawa, in zauna. Na zauna ya yi mini aski, hawaye na zubo mini, shi kuwa yana faɗa wai in daina motsi.

Ka gaishe da Zara'u da Habsatu da Auta. Baba da Inna suna sa maka albarka.

Naka ƙane,
Mumuni